Yadda Ake Fita Kamun Kifi da Jagora a Ruwa Marar Zurfi na Gaɓar Fulorida

A kudancin jihar Fulorida ta Amurka, tsakanin inda ƙasa ta ƙare da jerin tsibiran nan da ake kira Keys, akwai faffaɗan ruwan gishiri wanda a wurare da dama bai kai wa mutum ƙugu ba, wani wurin ma iyakarsa gwiwa. Ƙasansa ciyawa ce da yashi da laka, gefensa kuma bishiyoyin mangurob ne masu saiwoyi tsaye cikin ruwa. A nan ake wani irin kamun kifi na fatsa da mutum ɗaya ko biyu suke fita tare da jagora a ƙaramin jirgi, ba a yin nisa da gaɓa, babu manyan igiyoyin ruwa da za su juya wa mutum ciki, kuma sau da yawa sai an ga kifin da ido kafin a jefa masa ƙugiya. Duk wanda karatu ko aiki ko ziyara ta kai shi wannan yanki zai iya gwadawa ko da bai taɓa riƙe sandar fatsa ba, muddin ya shirya yadda ya kamata. Kuɗin ba kaɗan ba ne, saboda haka shirin ya cancanci a zauna a yi shi.

Mataki na 1: Fara da zaɓen kifi, wuri ya biyo baya

Yawancin baƙi wuri suke fara zaɓa, alhali kifin da kake so shi ne zai nuna maka wurin, da watan, da irin jagoran da za ka nema.

Mafi sauƙi ga sabon shiga shi ne turawut mai ɗigo-ɗigo, wanda yake zama a kan shimfiɗar ciyawa, da kuma ƙananan sinafa da suke taruwa a gindin mangurob. Waɗannan ba su da wuyar yaudara, ana samunsu da yawa, kuma suna da daɗin ci. Sama da su akwai jan kifin da can suke kira redfish, mai launin jan ƙarfe da baƙin ɗigo kusa da wutsiya. Idan yana tonon ƙaguwa a cikin laka yakan dulmiya kai ƙasa har wutsiyarsa ta leƙo saman ruwa tana kaɗawa, kuma wannan wutsiyar ce jagora yake nema da ido. Sai sunuk, dogo mai baƙin layi daga kai zuwa wutsiya, wanda yake laɓewa a inuwar saiwoyi. Da ya ji ƙugiya zai ruga cikin saiwoyin ya tsinke zaren.

Biyu ne suka fi suna kuma suka fi wahala. Bonfish bai cika girma ba, amma yana da tsoro ƙwarai da gudun bala'i, inuwar sanda kawai tana iya korarsa. Tafon kuwa ƙato ne mai manyan ɓawo farare, wanda ya wuce kilo 45 ba abin mamaki ba ne a can, kuma da an kama shi sai ya yi ta tsalle sama. Wannan kifin namu ne ma a gaɓar Afirka ta Yamma: wanda ya kafa tarihin girma a kamun fatsa, mai kusan kilo 130, a ƙasar Gini Bisau aka kama shi a 2003.

Shawarata ga wanda bai taɓa yi ba, ya bar waɗannan biyun sai wani zuwan. Mutum zai iya yini guda yana farautar bonfish ya samu damar jifa uku kacal, ya kuma ɓata dukkansu. Ka nemi turawut da sinafa da jan kifi, hannunka ya saba tukuna.

Wuraren da suka yi fice: Islamorada, mai nisan kamar kilomita 130 kudu da Miyami a kan babbar hanyar da ta ratsa tsibiran, Flamingo da ke cikin gandun dajin Everglades, Tampa da Boca Grande a gaɓar yamma, inda tafon yake taruwa, sai Mosquito Lagoon a gabas, wanda aka sani da jan kifi.

Mataki na 2: Duba wata, na bature da na sama

Tafon ya fi yawa daga Afrilu zuwa Yuni, kuma jagororin da suka yi suna sukan cika tun watanni kafin lokacin. Daga Yuni zuwa Satumba zafi ne mai gumi, hadari yana haɗuwa kusan kullum da yamma da tsawa, don haka fitar safe ake yi. Lokacin guguwa a hukumance yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba. A hunturu ruwa yakan yi garau, sai dai iskar sanyi tana iya kaɗowa ta lalata kwana biyu ko uku a jere, kuma sunuk ba ya jure sanyi. Tsananin sanyin Janairun 2010 ya kashe su da yawan gaske a jihar. Oktoba da Nuwamba, da kuma Maris, watanni ne masu sauƙin sha'ani ga baƙo.

Sai maganar cikowar teku da janyewarta, wadda ita ce ginshiƙin wannan harka. A gaɓar gabas ruwa yana cikowa sau biyu ya janye sau biyu a yini, kusan awa shida tsakanin kowace cikowa da janyewa, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kamar minti 50. Idan ruwa ya fara cikowa kifi yakan biyo shi ya hau fili, wato shimfiɗar ruwa marar zurfi, ya yi kiwo. Idan ya fara janyewa sai kifin ya koma bakin ramuka da mashigai yana jiran abin da ruwa zai kwaso masa. Lokacin da ruwa ya tsaya cak, ba ya shiga ba ya fita, kifi ba ya cika ci. Wanda yake bin lissafin watan Musulunci yana da sauƙi a nan, domin ruwa ya fi motsi da ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen 14 da 15 gare shi, ya fi lafawa wajen 7 da 22. A can cikin lungun tekun Fulorida kuma iska ta fi wata iko da ruwan, tana iya tura shi ta bar fili a bushe. Ba sai ka haddace duk wannan ba. Amfaninsa shi ne idan jagora ya ce a fita ƙarfe shida ko kuma a jira sai goma, ka san ba son ransa yake bi ba.

Mataki na 3: Nemo jagora, ka gaya masa gaskiya

Jagora a can kyaftin ake ce masa, kuma haka za ka kira shi. Doka ta wajabta masa lasisin tuƙa fasinja daga rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka, sannan yana da lasisin kamun kifi na jiha wanda yake rufe duk wanda ya hau jirginsa. Ma'ana kai ba sai ka sayi naka ba. Idan cikin Everglades za a shiga, yana bukatar izinin gandun dajin. Tambayar waɗannan abubuwa ba rashin kunya ba ce, na kirki zai amsa maka nan take.

Jirgi iri biyu ne. Akwai ƙarami mai tsawon ƙafa 16 zuwa 18, mai wani dandamali a saman inji inda jagora yake tsayawa. Wannan mutum biyu yake ɗauka, kuma yana shiga ruwan da bai kai ƙafa guda ba. Akwai mai ƙafa 22 zuwa 24 wanda yake ɗaukar mutum uku ko huɗu, ya fi wurin zama, ya fi dacewa da iyali ko mai yara ko dattijo. Kuɗin na jirgi ne gaba ɗaya, ba a kan kowane kai ba, don haka idan kun haɗu ku biyu kun raba. Rabin yini awa huɗu ne, cikakken yini takwas. A tsibiran Keys ka sa ran rabin yini zai ci dala 500 ko fiye, kuma za a nemi kafin alƙalami.

Kira shi a waya ko ka rubuta masa, kada ka tsaya ga cike fom a intanet. Abin da za ka gaya masa: ku nawa ne, akwai yaro ko wanda bai iya iyo ba, kana son tafiya da kifi gida ko kamawa da saki kawai, da kuma iyakar iyawarka. Wannan na ƙarshen shi ne mutane suke ƙara wa gishiri. Wanda ya ce ya iya jifa alhali bai iya ba, za a kai shi inda ake bukatar gwani, ya yini yana kallon kifi na wucewa. Wanda ya ce yau ne farkonsa, za a ɗebo masa jatan lande masu rai a kai shi inda kifi ya taru.

Kai kuma ka tambaye shi: ina za a haɗu kuma ƙarfe nawa, me kuɗin ya ƙunsa, idan yanayi ya ɓaci ana mayar da kuɗi ne ko sauya rana, kuma kwana nawa kafin ranar za ka iya fasawa ba tare da asarar kafin alƙalaminka ba. Yawanci sanduna da abincin ƙugiya da ƙanƙara da mai duk nasa ne. Hukuncin fasa fita saboda iska ko tsawa shi ma nasa ne.

Mataki na 4: Yi atisaye a tsakar gida

Wannan matakin kusan kowa yana tsallake shi, kuma shi ne ya fi kowane rahusa. Samu sandar fatsa mai na'urar naɗe zare a ƙasanta, ko ta aro ce. Ɗaura ɗan nauyi marar ƙugiya a bakin zaren, ka ajiye bokiti a nisan taku goma sha biyar. Riƙe zaren da ɗan yatsanka manuni ka danne shi jikin sanda, buɗe wayar da take tare zaren, kai sandar baya kaɗan, ka wurgo gaba da wuyan hannu, ka saki yatsan daidai lokacin da kan sandar ya nuna inda kake so. Da nauyin ya faɗi ka rufe wayar da hannunka. Idan ya tashi sama ya faɗo kusa, ka saki da wuri. Idan ya daki ƙasa a gabanka, ka makara.

Nisa ba shi ne abin nema ba. Abin da ake so ka iya sauke shi kusa da bokitin cikin sauri, sau bakwai cikin goma, har da ranar da ake iska. Gwada jifa daga gefe ma, sandar tana kwance, domin da irinsa ake cusa ƙugiya ƙarƙashin rassan mangurob.

Mataki na 5: Kayan da za ka ɗauka

Na farko tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, wanda ake ce wa folarayiz, mai gilashi ruwan ƙasa ko ruwan zuma. Ba shi, jagora zai yi ta nuna maka kifi kai kuwa hasken rana kawai kake gani a kan ruwa. Sai hula mai baki, riga mai dogon hannu marar nauyi, dogon wando, ƙyallen rufe wuya da fuska, da man kare fata daga rana. Baƙar fata ma tana ƙonewa a kan ruwa, musamman hanci da bayan hannu. Ka shafa man tun a gida, kuma ka guji na fesawa, yana sa daɓen jirgi santsi. Takalmi mai farar roba ko wanda ba ya barin zane. Babbar riga da duk wani abu mai yawo a iska a bar su a masauki, zare da ƙugiya suna kama su. Launin kaya ya zama mai laushi, shuɗi-shuɗi ko toka-toka.

Ruwan sha fiye da yadda kake zato, da abincinka. A tsibiran Keys tsohuwar al'ada ce baƙo ya taho wa jagora da nasa abincin rana idan cikakken yini ne. Kada ka ɗauko ayaba. Masu jiragen can da yawa sun camfa ta, wasu da wasa wasu da gaske, kuma ba a kanta ya kamata ku fara sa-in-sa da sassafe ba. Fitar safe ta rabin yini tana ba ka damar yin Asuba kafin ka fito ka kuma dawo kan lokacin Azahar. Idan cikakken yini ne, gaya masa tun farko cewa za ka bukaci minti goma, ya san inda zai tsaya. Ƙananan jiragen nan ba su da banɗaki, ka kimtsa kafin ka hau.

Mataki na 6: A kan jirgi

Iso minti 15 kafin lokaci. Zai nuna maka inda rigunan ceto suke da inda za ka zauna. Za a yi gudu da inji na ɗan lokaci ta cikin mashigai masu alama, domin farfela tana yanka ciyawar ƙasan ruwa, tabon kuma yana ɗaukar shekaru bai warke ba. Da an kusa fili sai ya kashe inji, ya ɗaga shi, ya hau dandamalinsa da doguwar sanda mai kamar ƙafa 20 yana tura jirgin a hankali, yadda masu kwalekwale suke turawa da gora a kogunanmu. Kai kuma ka tsaya a goshin jirgi, ƙafafu a ware, sanda a shirye, abincin ƙugiya yana rataye kamar ƙafa guda daga kan sandar.

Daga nan sai shiru. Magana a hankali ba ta cika damun kifi ba, abin da yake korarsa shi ne duk ƙarar da ta ratsa jikin jirgi ta shiga ruwa: buga murfin akwatin ƙanƙara, jan ƙafa, yar da filaya, ko jujjuya jiki har jirgin ya tura ƙananan igiyoyi gaba. A ruwan gwiwa kifi a tsorace yake kullum, tsuntsaye na sama, shak, ƙaton kifi mai cin kifaye, na gefe.

Jagora yana sama, ya fi ka gani, kuma da lissafin fuskar agogo zai yi maka kwatance. Goshin jirgi shi ne ƙarfe 12, damanka ƙarfe 3, hagunka ƙarfe 9. Idan ya ce ƙarfe 11, ƙafa 40, yana tafiya dama, to ka nuna wajen da kan sandarka, shi zai ce ƙara hagu ko tsaya nan. Lissafin daga goshin jirgi yake, ko ina ka juya fuskarka. Kada ka nemi cikakken kifi da ido. Abin da za ka gani inuwa ce mai motsi, ko ɗan tudun ruwa yana tafiya, ko laka ta tashi, ko bakin wutsiya yana ƙyalli. Idan ba ka gan shi ba, faɗi haka nan take, ka jefa inda ya ce. Daƙiƙa biyar ake da ita, wani lokaci ƙasa da haka.

Kada ka jefa a kan kifin. Sauke abincin taku ɗaya ko biyu a gabansa, ɗan gaba da hanyarsa, yadda zai zo ya tarar da shi, sannan ka ja shi a hankali yana nisantarsa. Jatan lande ba ya rugowa wajen abin da zai cinye shi, kuma kifi ya san haka. Duk abincin da ya nufo shi gadan-gadan guje masa yake yi.

Idan turawut ake nema aikin ya fi sauƙi. Za a sa maka jatan lande ƙarƙashin wani ɗan toto mai ƙara. Ka jefa, ka fizgi sandar sau ɗaya toton ya yi ɓulum, ka jira daƙiƙa biyar zuwa goma, ka sake. Ƙarar tana kama da ta kifi yana cin abinci, sai na kusa su taho dubawa. Da toton ya nutse, naɗe.

Mataki na 7: Idan ya ci

Tambayi irin ƙugiyar da aka ɗaura maka tun kafin jifan farko. Idan mai lanƙwasa ce kamar zobe, ba a fizga. Naɗewa kawai za ka yi har zaren ya miƙe, ita da kanta za ta kama gefen baki. Fizga ma fitar da ita yake yi. Idan ta gama-gari ce, sai ka ɗaga sandar da ɗan ƙarfi sau ɗaya. Bakin turawut laushi gare shi, kada ka yage shi.

Na'urar naɗi tana da birki da aka saita don ya saki zare idan kifi ya ja da ƙarfi. Idan ka ji yana ƙara zare na fita, bar shi ya gudu, kada ka naɗe a lokacin, murɗe zaren kawai za ka yi, kuma kada ka taɓa saitin sai jagora ya ce. Da ya tsaya, ɗaga sandar a hankali, ka sauke ta kana naɗewa, ka maimaita. Zaren kada ya yi sako-sako ko sau ɗaya. Sunuk ne kawai ba a ba shi wannan sararin a farko, sai ka kwantar da sanda gefe ka janye shi daga saiwoyi da ƙarfi. Tafon kuma idan ya yi tsalle, miƙa sandar gaba ka ɗan rusuna zaren ya sassauta, in ba haka ba nauyinsa zai tsinke shi. Da yawansu suna zubar da ƙugiya a tsallen farko saboda taurin bakinsu, jagorori ma har lissafin waɗanda aka sa tsalle suke yi daban da waɗanda aka kawo gefen jirgi.

Bar wa jagora cire ƙugiya. Murfin kunnen sunuk yana yanka kamar reza, tarwaɗar teku tana da ƙaya mai dafi, kuma shak yakan biyo kifin da ya gaji har gefen jirgi, don haka kada ka bar hannu yana lilo cikin ruwa. Idan an sauka ana takawa a fili, ja ƙafafunka a ƙasa maimakon ɗagawa, saboda wani faffaɗan kifi mai ƙaya a wutsiya da yake binne kansa cikin yashi.

Mataki na 8: Na saki da na tukunya

Tun 2013 bonfish da tafon kamawa da saki ne a Fulorida, kuma tafon da ya wuce inci 40 ba a fitar da shi daga ruwa ko don hoto. Jan kifi yana da ma'auni, daga inci 18 zuwa 27. Wanda ya gaza ko ya wuce komawa zai yi, a yankin Indian River Lagoon da ke gaɓar gabas kuwa tun 2022 ba a riƙe ko ɗaya. Sunuk yana da watannin da aka rufe kamunsa. Hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar, FWC, tana sauya waɗannan ƙa'idoji daga yanki zuwa yanki, saboda haka maganar jagora ita ce ta ƙarshe, kuma kada ka roƙe shi alfarma kan inci guda, lasisinsa ne a kan layi.

Wanda za a saka, jiƙa hannunka kafin ka taɓa shi don kada ka goge santsin da yake kare fatarsa. Tallafe shi a kwance, hannu ɗaya a ƙarƙashin ciki, ban da sa yatsa cikin kunne. Mai ɗaukar hoto ya shirya tun kifin yana ruwa. Bayan hoton riƙe shi cikin ruwa kansa yana fuskantar inda ruwa yake tahowa har ya fizge da kansa.

Mataki na 9: A bakin gaɓa

Jagora zai gyara maka kifin da aka riƙe. Yadda suke yi shi ne su yanke tsokar gefe biyu su jefa wa tsuntsaye kai da ƙashi, don haka idan kana son kan don farfesu, ko kana son kifin gaba ɗayansa a cire hanji da ɓawo kawai, faɗa kafin wuƙa ta taɓa shi. Gidajen abinci da yawa a tsibiran suna dafa wa mutum kifin da ya kamo a kan ɗan kuɗi. Gaya musu a gasa ko a soya shi haka nan, domin ƙullun da suke tsoma kifi a ciki sau da yawa da giya ake kwaɓa shi, wasu miyar ma haka.

Sai ka biya cikon kuɗi, ka ƙara tukuici na kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, zai fi kyau tsaba a hannu. Wahalar da ya sha ake dubawa, ko da kifin bai ba da haɗin kai ba; mutumin da ya yini yana tura jirgi da sanda gaba da iska ya ci wannan kuɗin. Idan aikinsa ya gamsar da kai kuma kana da niyyar gwada tafon, tambaye shi ranakun Mayu na baɗi tun kana tsaye a wurin, ka sa ya rubuta sunanka.